Filin Tambaya da Amsa: Gasar Hoto Mai Jigo da Abin da Ke Ƙofar Gida

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga batu guda, wato gasar ɗaukar hoto wadda ake ba masu shiga jigo, a ce kowa ya fita ya nemo hoton da ya dace da shi. Wasu gasannin na abokai ne da ake yi a WhatsApp ko Facebook ba tare da wata kyauta ba, wasu kuma manya ne da ake shiga daga ƙasashe da dama. Mun zaɓi tambayoyin da amsarsu za ta amfani mutane da yawa, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Ni matashi ne mazaunin unguwar Kurna a Kano. Ni da abokaina muna gasar hoto a tsakaninmu, kowane wata a fitar da jigo. Jigon wannan watan shi ne "Ruwa", ga shi kuma muna tsakiyar rani, babu kogi babu tafki a kusa da mu. Ina tunanin in tara kuɗin mota in tafi madatsar ruwa ta Tiga. Shin hakan ya dace?

AMSA: Ɗan'uwa, idan shaƙatawa kake nema, Tiga wuri ne da ya cancanci ziyara, domin tun da aka kammala madatsar a 1974 ruwanta ke raya noman rani a yankin Kadawa da Kura, ga masunta ga jiragen kwale-kwale. Amma idan don gasar ce kawai, shawarata ita ce ka bar kuɗin motarka a aljihu. Duk wanda aka ce masa "ruwa", abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne kogi ko dam, saboda haka kana iya shan wahalar tafiya ka dawo ka tarar wasu daga cikin abokanka sun kawo irin hoton da ka kawo. Ban da wannan, motar haya za ta sauke ka ne da rana tsaka, lokacin da haske ya fi muni, kuma dole ka kamo hanyar gida tun kafin la'asar ta yi sanyi, wato daidai lokacin da hasken ya fara kyau. Abin da akan dawo da shi daga irin wannan tafiya shi ne hoto rabinsa sama rabinsa ruwa, babu mutum a ciki, babu labari.

Ruwan da kake nema yana nan Kurna, kuma da rani ya fi bayyana ga mai ɗaukar hoto, domin a lokacin ne mutane suka fi wahala a kansa. Ka fito bayan sallar asuba ka tsaya kusa da rijiyar burtsatse ta unguwarku. Za ka tarar da bokitai da jarkoki sun yi layi tun masu su ba su fito ba, kowanne yana kama wa mai shi wuri. Za ka ga ɗan garuwa ya cika kurarsa da jarkoki masu ruwan ɗorawa, ya sunkuya ya dafe ƙarfen da hannu biyu, jijiyoyin damtsensa sun miƙe, ruwan da ke tsiyaya daga murafun da ba su rufu da kyau ba yana zana layi a kan ƙurar hanya. Idan ka yi masa magana ya yarda, ka durƙusa ka ɗauke shi daga ƙasa yayin da rana ke fitowa ta gefensa, ka amsa jigon fiye da wanda ya je Tiga, domin hotonka ya nuna ruwan, ya nuna nauyinsa, ya kuma nuna wanda yake ci da shi. Akwai butocin da ake jerawa a ƙofar masallaci kafin azahar, akwai randa a zaure da moɗa a kan faifai, akwai bakin tsohuwar rijiya inda igiyar guga ta ci siminti ta yi masa kwari. Har rashin ruwan ma amsa ce: famfon da ya bushe gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, ko ƙasan kududdufi da ya tsattsage, duk wanda ya gan su ruwa zai tuna.

Wata dabara da ke taimakawa ita ce, kafin ka taɓa waya ka zauna ka rubuta abubuwa goma da jigon ya tuna maka, sannan ka soke ukun farko, tun da su ne kowa zai tuna. Daga cikin sauran ka zaɓi wanda ƙafarka za ta iya kai ka wurinsa, domin babban amfanin abin da ke kusa shi ne ana iya komawa. Yau ka je haske bai yi ba, gobe ka koma. Jibi mutanen wurin sun saba da kai har sun daina kallon wayarka, kuma a nan ne hoton kirki yake fitowa. Baƙon da ya zo na yini ɗaya ba ya samun wannan damar ko da kyamararsa ta miliyoyin naira ce.

Tarihin wannan sana'a ya tabbatar da haka. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya a 1968, ya ci gaba shekaru da dama har ya tara kusan dubu, yawancinsu daga baya ko daga gefe, babu launi sai fari da baƙi. Kitso abu ne da kowa ke gani a titi bai ɗauke shi a bakin komai ba, amma da yawa daga cikin salon da ya ɗauka yanzu sai a hotunansa ake ganinsu, kuma an baje kolin aikin a babban bikin zane-zane na Venice da ke Italiya a 2013. A Maiduguri ma, Fati Abubakar ta yi suna ne da hotunan rayuwar yau da kullum, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai hoton ɓarna. Dukansu biyu abin da kowa ke gani kullum a kusa da shi suka ɗauka.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce a Katsina. Na kai ɗalibaina hasumiyar Gobarau domin jigon gasarmu shi ne "Ginin gargajiya", amma da na duba hotunan sai na ga sama ta yi fari fat, fuskokin yaran sun yi duhu, ginin kuma ya fito ba armashi. Wayata ba mai tsada ba ce. Shin sai na sayi kyamara?

AMSA: Malama, kada ki yi saurin ɗora wa wayar laifi. Ba ki faɗi lokacin da kuka je ba, amma tun da fita ce ta makaranta, alamu sun nuna tsakanin hantsi ne da azahar, kuma a nan matsalar take. A ƙasarmu rana kan hau tsakiyar kai sosai, haskenta ya sauko tsaye, ya jefa inuwa a kwarmin ido da ƙarƙashin haɓa, ya kuma shafe duk wani tudu da kwari da ke jikin bango. Ginin ƙasa kuwa kyansa a jikinsa yake: sawun hannun magini a kan yaɓe, zankwaye a saman soro, da zanen da ake fitarwa a ƙofar zaure irin wanda ake gani a cikin birnin Zariya da unguwar Birni a Damagaram. Duk waɗannan ba sa fitowa sai haske ya zo daga gefe ya ba kowane tudu 'yar inuwarsa. Saboda haka lokacin ɗaukar Gobarau, ko hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, shi ne sa'a ta farko bayan fitowar rana da sa'a ta ƙarshe kafin faɗuwarta. Ki kuma lura cewa wannan lokaci gajere ne a wurinmu, domin kusancinmu da layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa, ya sa rana ke hawa da sauka da sauri, ba kamar Turai ba inda yammacin bazara kan daɗe. Wanda ya tsaya shan shayi da safe, kafin ya iso hasken ya wuce.

Batun fuskokin da suka yi duhu kuma, waya tana auna hasken da ke gabanta ne ta raba, idan sama mai haske ta cika rabin hoton sai ta rage hasken gaba ɗaya, mutane su koma baƙi ƙirin. Ki taɓa fuskar yaro a kan allon kafin ki ɗauka, wayar za ta auna hasken daga nan. A yawancin wayoyi wata 'yar alamar rana kan fito a gefe, wadda ake ja sama ko ƙasa don ƙarawa ko ragewa. Ki sa rana ta kasance a gefenki ko a bayan kafaɗarki, kada ta kasance a bayan waɗanda kike ɗauka. Idan dole ne a ɗauka da rana tsaka, ki kai yaran inuwar bango ko bakin zaure inda hasken yake bai ɗaya. Inuwar darbejiya tana da daɗin zama amma tana ɓata hoto, saboda hasken da ke ratsa ganyen kan yi wa fuska dabbare-dabbare.

Abu biyu ƙanana sun fi lalata hoton waya a arewa. Na farko shi ne datti a kan gilashin kyamarar, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ta yi yawa kuma kowa hannunsa da man shafawa; ki goge shi da gefen mayafi mai laushi kafin kowace ɗauka, za ki ga hoton da yake fitowa dishi-dishi ya koma garau. Na biyu shi ne zuƙo hoto da yatsu biyu. A wayar da ba ta da gilashin zuƙowa na musamman, abin da take yi kawai shi ne ta yanko tsakiyar hoton ta buɗa shi, ingancinsa ya zube. Gara ki taka ki matsa kusa. Hazon hunturu kansa kuwa kada ki guje shi, domin yana tausasa haske, yana kuma raba abin da ke kusa da abin da ke nesa hawa-hawa, irin yadda birnin Kano ke fitowa daga kan Dutsen Dala da safiyar Janairu. Sayen kyamara ki jinkirta shi har sai kin gwada waɗannan kin ga inda wayar ta gaza.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Maraɗi. Jigon da aka ba mu shi ne "Masu sana'a". Na shiga kasuwa ina ɗaukar hoto, sai wasu suka yi mini faɗa, wani dattijo ya sa na goge hotonsa, wasu kuma suka ce sai na biya. Yaya ake yi?

AMSA: Ɗalibi, dattijon nan yana da gaskiya, kuma ka kyauta da ka goge. Kuskuren da masu fara wannan harka suke yi shi ne su shiga wuri waya a sama, alhali a al'adarmu ko ruwa za ka roƙa sai ka yi sallama. Ka bar wayar a aljihu, ka gaisa, ka tambayi aiki da kasuwa, ka tsaya ka ga yadda ake yin sana'ar, sannan ka faɗi ko kai wane ne, daga ina kake, da inda hoton zai je. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Kowane layi a kasuwa yana da shugaba, maƙera da mahauta suna da sarakunansu, kuma idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ce wa mutanensa yaron nan ɗan makaranta ne ku bar shi, ka huta da yi wa kowa bayani ɗaya bayan ɗaya.

Ya kamata ka fahimci dalilin da ya sa mutane ke ƙi. Wasu sun ga yadda ake ɗaukar hoton talaka a watsa a intanet ana yi masa dariya. Wasu suna zargin za a kai hotonsu waje a nemi kuɗi da sunansu. Wasu kuma fahimtarsu ta addini ce ta hana, kuma wannan ba wurin jayayya ba ne, sai ka yi godiya ka wuce. Idan an yarda ka ɗauka, ka juya allon ka nuna wa mutumin, domin wanda ya ga ka fito da shi cikin mutunci shi ne zai kira maƙwabcinsa ya ce zo a ɗauke ka. Idan da hali, ka wanke hoton ka kai masa bayan kwana biyu. Kuɗin wanke hoto ɗaya kaɗan ne, amma zai buɗe maka wannan layin har ka gama karatunka.

Game da biya, akwai wuraren da baƙi suka saba zuwa, kamar marinar Ƙofar Mata a Kano, inda ba baƙon abu ba ne mai ɗaukar hoto ya ba da wani abu ko ya sayi ƙyalle, kuma ban ga aibin hakan ba, tun da ka tsayar da mutum daga aikinsa. Sai dai a yi maganar tun farko don kada a yi rigima daga baya. Illar kuɗi ita ce yakan sa mutum ya daina aikin ya koma yi maka wasan kwaikwayo, ya gyara hula ya ƙame. Maganin wannan shi ne haƙuri: ka ɗauki wanda ya ƙame ɗin don ya ji daɗi, sannan ka ci gaba da zama har ya manta da kai ya koma kan aikinsa. Kuma jigon "Masu sana'a" bai tilasta maka nuna fuska ba. Hannun marini da ya rine shuɗi har wuyan hannu, yatsun baduku riƙe da basilla, tafin mai kilishi yana shimfiɗa nama a kan karan gado, kowannensu hoto ne cikakke, kuma mutane da yawa da za su hana ka fuska za su ba ka hannu.

Mata da yara sai an ƙara taka tsantsan. Kada ka ɗauki matar mutane ba da saninta ba, kada kuma ka ɗauki yaro sai da yardar iyayensa ko wanda yake kula da shi. A nan zan faɗi ra'ayina kan wani hoto da ya yi yawa a gasanni, wato almajiri riƙe da robar bara yana kallon kyamara. Yaron bai san inda hoton zai je ba, babu babban da aka tambaya, kuma an ɗauki irinsa har ya daina gaya wa kowa wani sabon abu. Mai son nuna wannan rayuwa ya je tsangaya ya nemi izinin alaramma, zai samu allo da tawada da alƙalamin kara da karatun dare a gefen wuta. Sannan akwai wuraren da ko izini ba a nema, kauce musu ake yi: barikin soja, ofishin 'yan sanda ko jandarmomi, shingen bincike a kan hanya, filin jirgin sama da gidan gwamnati. A halin tsaron da Nijar da Najeriya suke ciki, ɗaga waya a irin waɗannan wurare yana iya jawo maka kwana a hannun hukuma.

TAMBAYA: Daga Zariya nake. Duk shekara ina ɗaukar hawan sallah, amma dawakan suna fitowa a dagule, ba a gane mahayi. Mene ne maganinsa?

AMSA: Malam, kyamara tana buɗe ido ne ta rufe, kuma duk abin da ya motsa a tsakanin buɗewa da rufewar zai fito a dagule. Dokin da ke sukuwa yana buƙatar ƙiftawa mai saurin kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, mai tafiyar ƙasaita kuma kashi ɗaya cikin 500 ya ishe shi. Idan wayarka tana da sashen da ake saita kyamara da hannu, wanda akan rubuta Pro a kansa, ka nemi inda aka rubuta 1/1000 ka zaɓa. Wannan yana aiki ne idan akwai rana, amma hawan da ya kai almuru hasken ba zai isa ba. Ka kuma koyi yadda wayarka ke ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin daƙiƙa guda, ka yi amfani da shi lokacin jahi, daga baya ka zaɓi ɗaya ka goge sauran. Ka tsaya inda dogarai suka ce a tsaya, domin doki ba ya ganin mai hoto.

Tun da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamba 2024, hankalin masu manyan kyamarori ya ƙara karkata ga hawa, kuma a filin fada ba za ka yi gogayya da su da waya ba. Inda za ka fi su shi ne gidan hakimi ko na wani mai sarauta da ka sani, da safe kafin a fita, lokacin da ake ɗaura sirdi, ana gyara linzami da likkafa, ana naɗa wa mahayi rawani, 'yan lifidi suna shiga kayansu. A can babu gudu, babu turereniya, kuma baƙo ba ya samun shiga.

TAMBAYA: Ni 'yar kasuwa ce a Kaduna, ina ɗaukar hoto don sha'awa. Na samu hoto mai kyau na wata tsohuwar ƙofa, amma akwai wayoyin lantarki da ledoji a ciki. Akwai manhajar da ke goge su. Shin ya halatta a gasa?

AMSA: Hajiya, amsar tana cikin dokokin gasar da za ki shiga, don haka ki karanta su tukuna. Amma ƙa'idar da aka fi bi a hoton da ake nufin ya nuna gaskiyar wuri ita ce, ana iya yanke gefe, a miƙe hoton da ya karkace, a ƙara haske ko a rage, a mayar da shi fari da baƙi, amma ba a ƙara abin da babu, ba a kuma cire abin da yake akwai. Manyan gasanni ba sa wasa da wannan. A gasar World Press Photo ta 2015, an fitar da kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe bayan an gwada su da na asali. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto da ya taɓa cin babbar kyauta, saboda ya goge kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya. Hoton da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa kuwa ba hoto ba ne da aka ɗauka, kuma a 2023 wani Bajamushe mai suna Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar da aka ba shi a gasar hoto ta Sony, ya bayyana cewa kwamfuta ce ta haɗa nasa.

A ganina ma wayoyin lantarkin ba lallai ne su zama aibi ba, domin su ne shaidar cewa ƙofar tana tsaye a zamaninmu, mutane suna rayuwa a gefenta. Idan kuma sun dame ki, ki koma wurin ki canza matsaya, ki matsa dama ko hagu, ki durƙusa ko ki hau dakali, sau da yawa taku uku kan fitar da waya daga hoto. Ledar kuwa a tsince ta kafin a ɗauka, unguwa ma ta amfana. Ki kuma yi hattara da ƙara launi, domin jar ƙasar da aka cika wa launi takan koma ruwan lemo, alƙalai kuma suna gane hakan da kallo ɗaya.

TAMBAYA: Ina zaune a Sabon Zango da ke Accra. Na ji akwai gasar da ake sa hotuna a Wikipedia. Idan na shiga, hoton ya fita daga hannuna ke nan? Kuma yaya zan aika shi ba tare da ya lalace ba?

AMSA: Ɗan'uwa, gasar da kake nufi ita ce Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014 kuma kusan kowace shekara take fitar da jigo guda ga nahiyar baki ɗaya. Jigon farko abinci ne, aka yi na tufafi da ado a 2015, kiɗa da rawa a 2016, mutane a bakin aiki a 2017, sufuri a 2020, gida da muhalli a 2022, sannan yanayi a 2023. Duk jigogin nan abubuwa ne da ake samu a tsakar gida da bakin titi, kuma zango irin naku, da masu waina da masu koko da mahauta da makarantun allo, cike yake da su.

Hoton yana nan a matsayin naka, sunanka kuma yana tare da shi, amma ana ɗora shi ne a rumbun Wikimedia Commons bisa lasisin da ya ba kowa damar amfani da shi, ya sake masa fasali, har ya yi kasuwanci da shi, muddin ya ambaci sunanka kuma ya saki nasa bisa irin wannan sharaɗi. Wannan izini ba a janye shi bayan an bayar. Don haka hoton da kake fatan sayarwa wata rana kada ka sa shi a can, kuma mutumin da ke cikin hoton ka gaya masa gaskiya cewa duniya za ta iya gani. A sauran gasanni ma ka nemi sakin layin da ya yi magana kan haƙƙin mallaka ka karanta da kyau, ka guji wadda za ta karɓi kuɗin shiga sannan ta ce duk hoton da aka aiko ya zama nata.

Batun aikawa, babban mai lalata hoto shi ne WhatsApp, domin idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba yakan matse shi ya rage girmansa, ya kuma cire bayanan da kyamara ke rubutawa a cikinsa, irin su ranar ɗauka da samfurin waya, waɗanda alƙalai kan duba don tabbatar da cewa kai ka ɗauka. Ka ɗora na asali kai tsaye daga wayar da ta ɗauka, idan kuma dole ne ya bi ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil. Waya mai megafiksel 12 tana ba da hoto mai ɗigo 4000 a tsawo da 3000 a faɗi, wanda ya isa a buga shi a cikakken shafin mujalla. Ka shiga saitin kyamara ka kashe tambarin da wayoyi irin su Tecno da Infinix ke bugawa a kusurwar hoto, kada kuma ka rubuta sunanka a kansa, domin gasanni da yawa ba sa karɓar hoto mai rubutu. Idan a cikin gidanku ka ɗauka, ka tuna cewa fayil na asali yana iya ɗauke da bayanin daidai inda gidan yake, sai ka kashe wannan saitin kafin ɗauka.

Abu na ƙarshe da masu shiga suka fi sakaci da shi shi ne bayanin hoto. Rubuta "wata mata a kasuwa" bai wadatar ba. Ka faɗi abin da ake yi, da wurin, da watan da shekarar, misali mai suyar waina a tanda mai gurbi da yawa, Sabon Zango, Accra, da safe, wata kaza na shekara kaza. Ka rubuta sunan abincin ko kayan aikin yadda mutanen wurin suke kiransa, da Hausa, sannan ka ƙara da Turanci idan gasar ta buƙata. Sunan mutumin kuwa sai idan shi ya ce a sa.